Kufan Adar Na Neman Mai Tsaro

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Cikin dubban samarin Adar da ke barin gida kowace shekara da zarar hatsi ya shiga rumbu, akwai waɗanda bida ke kaiwa har arewacin Aljeriya, su yi leburanci, su yi gadi, su komo gida da ɗan abin da Allah ya hore musu da kuma labari mai yawa. Wanda ƙafarsa ta kai shi yankin Batna, a gindin duwatsun Aures, da wuya ya rasa jin sunan Timgad. Kufai ne na wani gari da sarkin Rumawa mai suna Trajan ya kafa wajen shekara ta 100 Miladiyya domin tsofaffin sojojinsa. Garin ya yi zamaninsa, ya mutu, ƙasa ta binne shi, sai a shekarun 1880 aka fara tono shi. Mai ziyara yakan taka titunansa na dutse waɗanda har yanzu ke ɗauke da sawun ƙafafun amalanke, ya ga kasuwa, ya ga gidajen wanka, ya ga dandalin wasa mai cin mutum wajen 3,500. A shekarar 1982 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya.

Amma abin da ya kamata ya tsaya wa ɗan Adar a rai shi ne wani ɗan gida da ke bakin kufan. A cikinsa aka tara abin da ba zai jure rana da ruwa da hannun ɓarawo ba: daɓen ƙananan duwatsu masu launi da aka ɗebo daga ɗakunan attajiran garin, da gumakan dutse, da tarkacen zaman gida. Inda aka tono kayan, nan aka ajiye su. Ɗan lakwal na ƙauyen da ke maƙwabtaka da wurin ba ya bukatar kuɗin mota zuwa babban birni kafin ya ga abin da ƙasar gonar ubansa ta ɓoye. Wannan ita ce dabarar, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba.

Gaskiya ɗaya ce, kuma gara a faɗe ta tun da wuri: Rumawa ba su taɓa mulkin Adar ba, ba a kuma taɓa tono garinsu a ƙasar Nijar ba. Kayansu dai sun ratso hamada ta hannun fatake. A Abalesa, yamma da Tamanrasat, garin da ƴan bidar Tawa suka sani kamar tafin hannunsu, an buɗe wani babban kabari a 1925, wanda Buzayen Ahaggar ke cewa na kakarsu Tin Hinan ne. An tarar da ƙasusuwan mace da mundayen zinariya da na azurfa, da fitila irin ta Rumawa, da tambarin kuɗin sarki Kustantin. Me ya biyo baya? Aka kwashe matar da kayanta zuwa gidan tarihi na Bardo a birnin Aljas, aka bar wa mutanen Abalesa tulin duwatsu. To, ga misali biyu a ƙasa guda: a Timgad an bar wa gari abinsa, a Abalesa an bar masa rami. Tambayar da ke gaban jihar Tawa ita ce wanne daga ciki za ta bi.

Mai karatu na iya cewa ai Adar ba ta da abin nunawa, tunda babu ginshiƙan marmara a Bambeye, babu dandalin wasa a Kalfu. Wanda ya faɗi haka bai tambayi manomi ba. Ƙaramar hukumar Bambeye, kudu maso yamma da birnin Tawa, tana da mutane fiye da 100,000 bisa ƙidayar 2012, kuma akasarinsu da hauya suke ci. Manomin Adar ya san gonar da in an yi huɗa tsingaro ke fitowa, ya san tudun da dattawa ke kira kufai, ya san inda kashin maƙera ya taru har shuka ba ta kamawa. Ya san gatarin aradu, wannan ɗan dutse mai santsi da kaifi wanda ake cewa tsawa ce ta jefo shi, alhali hannun mutum ne ya wasa shi tun kafin a san ƙarfe. Yara na wasa da waɗannan abubuwa, mata na kafa tukunya a kan wasu, magina na zuba wasu cikin tubali. Kowane ɗaya shafi ne na littafin da ba a rubuta ba, kuma kullum ana yage shi.

Tarihin Adar da aka rubuta bai yi nisa sosai ba. Marubucin tarihi Jibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, ya kawo zancen zamanin da ƙasar ke ƙarƙashin Kabi da kuma na 1674, shekarar da Agabba, ɗan sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ta da yaƙi ya kafa gidan sarautar da daga baya ya zauna a Illela. Abin da ya gabaci wannan kuwa, wato zaman Azna na farko a kan duwatsu da cikin kwaruruka, mafi yawansa a bakin tsofaffi yake da kuma ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In ƙasar ma aka bari ta wofinta, shaidu biyun duk sun tafi, sai a koma ana jayayyar asali da sarauta da iyakar gona ba tare da hujja ba.

A dubi sana'ar ƙira kawai. Maƙeran Adar sun daɗe suna haƙo tama daga duwatsun ƙasarsu, su gina murhu na yumɓu, su dafa ta da gawayi har ƙarfe ya fito, da shi ake ƙera hauya da gatari da mashi. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da su a shekarun 1960, ta rubuta yadda suke aikin, har ta ɗauke shi a fim, a daidai lokacin da tsofaffin ƙarafan mota suka fara kashe sana'ar. Yau ɗan maƙeri na iya kai shekara arba'in bai taɓa ganin an dafa tama ba. Rubutun da fim ɗin suna ajiye a ɗakunan karatu na nesa, tarin kashin maƙera kuma yana nan a bayan gari ba mai kula. Ƙasar da ke sayo ko allura daga waje ta manta cewa kakanninta sun fitar da ƙarfe daga dutse da hannunsu. Ashe wannan bai isa a nuna wa yaro ba?

In aka nufi arewa, cikin kwarin Azawak, abin ya fi haka. A In Teduk akwai kufan wani gari na Musulmi, da ragowar masallaci da babbar maƙabarta, wanda masu bincike na Nijar da na Faransa suka yi aiki a kansa, suka buga sakamakon a 1999. A Cin Tafidat an tarar da kaburburan mutane da na shanu na wajen shekara 4,000, tare da ƙasusuwan kifi, alamar cewa inda raƙumi ke neman ruwa yau, a da tafki ne. Can gabas, a jihar Agadas, ga Azelik, wadda masana da dama ke ɗauka ita ce Takadda da matafiyi Ibn Batuta ya sauka a 1353 ya ba da labarin tagullarta, ga kuma Marandat inda aka tono dubban ƙananan kaskon narka tagulla. Waɗannan wurare su ne kasuwannin da ayarin da ke ratsa Adar zuwa Kabi da Katsina ya dogara da su. Ɗan kasuwar Tawa da ke loda albasa zuwa Abijan ko ya sauke kaya daga Tamanrasat magajin waɗancan fatake ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Me ke faruwa ga kufai in ba shi da mai tsaro? Ba sai an je nesa neman amsa ba, Bura ta isa misali. A 1975 aka gano wurin, a yankin Tera, bisa tsautsayi. A 1983 Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya tone wani ɓangare nasa, ya fito da ɗaruruwan tulunan binne mamata masu siffar kawunan mutane, da mahayin dokin nan na yumɓu da ya zama abin alfaharin ƙasa. A 1993 aka kai kayan baje koli a Paris tare da na sauran ƙasashen kogin Kwara. Duniya ta gani ta yaba, dillalai ma suka gani. Cikin ƴan shekaru ƙauyawa da talauci ya ciwo suka bi kaburburan da diga da shebur, ana saye a hannunsu da ƴan jikkuna, ana sayarwa a Turai da kuɗin da mai tonon bai taɓa mafarkinsa ba. A shekarar 2000 sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Tulun da aka fizge daga raminsa ba tare da an auna zurfinsa an rubuta abin da ke kewaye da shi ba, ya zama kurma, ba ya sake faɗar komai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba a rasa doka ba. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ke da dokar kare kayan gadon al'adu, wadda ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da kayan tarihi waje, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci wani abu ya sanar da hukuma. To amma a sanar da wa, a kai ina? Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a Yamai a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da nisan fiye da kilomita 500 daga Tawa. Manomin da ya tono tulu a gonarsa ba zai bar noma ya biya mota ya kai shi can ba, don a karɓa a ce masa an gode. In ya kai wa mai gari, mai gari ba shi da inda zai sa. In baƙo ya zo da jika biyu, ciniki ya faɗa. Dokar da ba ta da ƙofa a kusa da talaka, takarda ce kawai a cikin durowar ma'aikata.

Haɗarin kuma ƙaruwa yake. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, na'urar neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta yawaita a hannun samari, ita kuwa ba ta bambanta zinariyar dutse da munduwar mamaci. Aikin raya ƙasa da ya ceci gonakin Adar tun daga furojen Keita na 1984, da jera duwatsu da haƙa ramukan tara ruwa, alheri ne babba, amma mai tara dutse da ake biya bisa yawan abin da ya tara ba wanda ya gaya masa cewa wani tulin duwatsun kabari ne. Haka motar da ke gyaran hanya, haka mai yanka filaye a gefen gari. Ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne, kuma rashin sanin laifin hukuma ne.

Masu mulki sun sha samun dama. Daga babban taron ƙasa na 1991 zuwa yau an yi gwamnatoci na farar hula da na soja, an yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004 da alkawarin cewa kowane gari zai riƙe al'amuransa. Jihar Tawa ta ba ƙasa shugaba na shekara goma, daga 2011 zuwa 2021. Birnin Tawa ya karɓi bikin 18 ga Disamba a 2017, aka shimfiɗa kwalta, aka yi gine-gine, aka ƙawata mararraba. Ba wanda ke ƙin kwalta. Amma ya halatta a tambaya: cikin duk abin da aka kashe, nawa ya isa bakin kufai guda a ƙauye? Ƴan siyasa sun iya kiran sunan Agabba a dandalin taro, sun iya sa rawani su hau doki ranar biki. Tarihi a wurinsu kayan ado ne na yini ɗaya. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, nauyin ya koma kan naɗaɗɗu, kuma kalmar ƴancin kai da ake yawan ambata tana da ma'ana a nan ma: wanda bai riƙe shaidar asalinsa ba, wani ne zai riƙa ba shi labarin kansa.

Akwai masu cewa, da gaskiyarsu, mai jin yunwa ba ya kallon tsingaro. Adar ta ga yunwar 1984 da ta 2005, ta ga kisan da aka yi a yankin Tiliya a watan Maris 2021, kuma ɗakunan lakwal na zana ba su ƙare ba. Duk wannan haka yake. Sai dai abin da ake nema bai kai kuɗin motar babban ma'aikaci guda ba. Kuma rijiyar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi, amma kufan da aka tone bana ya tafi har abada. Rashin tsaro ma hujja ce ta gaggautawa, domin wurin da masu bincike suka daina zuwa, ɓarayi ba su daina ba.

Akwai kuma masu ƙyamar abin ta fuskar addini, suna ganin tara kayan mutanen jahiliyya kamar raya gumaka ne. Wannan damuwa ba abin raini ba ce, kuma malamai ne suka fi cancanta su warware ta. Alƙur'ani mai girma ya yi kira a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi tunani kan makomar al'ummomin da suka shuɗe. Aljeriya da Masar da Tunusiya ƙasashen Musulmi ne, suna ajiye da kayan Rumawa da na Fir'auna, ba a ji sun koma bauta musu ba. Ban da haka, babban rabo na abin da za a tsare na Musulunci ne: masallacin In Teduk, da duwatsun kaburbura masu rubutu, da littattafan hannu da ke gidajen malamai daga Abalak zuwa Konni, waɗanda gara da ɗigon ruwa ke ci. Sharaɗi guda dai ya kamata a kafa tun farko: ba za a baje ƙasusuwan mutum don kallo ba. Mamaci, ko na wane zamani ne, yana da alfarma. Abin da aka yi wa matar Abalesa kada a maimaita shi a nan.

To me ake bukata? Ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe da rufin da ba ya yoyo, kusa da ofishin ƙaramar hukuma ko cikin harabar lakwal, a Bambeye ko wani gari irinsa. Akwatunan gilashi kaɗan. Babban littafi guda inda za a rubuta kowane abu: wa ya kawo shi, a gonar wa aka same shi, a wane zurfi, me dattawa suka ce game da wurin. Bayanin kowane kaya a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, da Tamajak, da Faransanci, don kada ɗakin ya zama na ƴan boko kaɗai. Ma'aikaci guda mai albashi, wanda IRSH za ta horar. Ɗaliban jami'ar Jibo Hamani su zagaya ƙauyuka lokacin hutu tare da masu gari, su ƙidaya kufaifai, su sa su a taswira, a ba injiniyoyin hanya da masu furoje kwafi kafin su sa diga. Sarkin maƙera ya gina murhun dafa tama guda a tsakar gidan, tun akwai sauran masu tuna yadda ake yi. Kuma a rubuta a bakin ƙofa cewa ɗakin ba ya sayen abin da aka tono da gangan, domin kada maganin ya zama cuta.

Ga wanda ke tambayar ribar talaka a ciki, maƙwabta sun riga sun gwada wata hanya. A ƙauyen Fombori, kusa da Duwanza a ƙasar Mali, an buɗe abin da suka kira bankin al'adu a 1997. Mai tsohon kaya na gado, maimakon ya sayar wa dillali, sai ya ajiye shi a ɗakin tarihin ƙauye, a ba shi ɗan rance ya ja jari, in ya biya ya sake karɓar wani, kayan kuma yana nan nasa. Gwargwadon bayanin da ya kawo game da kayan, gwargwadon abin da za a ranta masa. Dabarar ta bazu zuwa wasu ƙauyukan Mali har ta tsallaka Benin da Togo. Ɗan kasuwar Adar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan jingina da amana. Attajiran da suka gina masallatai da ɗakunan shan magani a garuruwansu da dukiyar Abijan da Legas ba za su gaza buhunan siminti da bandir ɗin kwano ba, in sun ga hukuma da gaske take.

Ma'aikata ma suna da nasu rabon. Ɗan duwan da jandarman da ke bakin hanya su san kamannin kayan da doka ta hana fitarwa, kamar yadda suka san kamannin kwalin sigari. Mushen lakwal ya kai yaransa kufan bayan gari kafin ya koya musu sunayen sarakunan Faransa. Mai gari ya san cewa tudun da ke cikin ƙasarsa amana ce, kamar kurmi da burtali.

A watan Nuwamba 2021 Faransa ta mayar wa Benin kayan fadar Abome guda 26 da sojojinta suka kwashe a 1892, Afirka duka ta yi murna, aka ƙara ɗaga murya cewa a dawo da saura. Kira ne na gaskiya. Amma mai neman a mayar masa da abin da aka sace jiya, alhali abin da ke gonarsa yau yana fita ta bayan gida, ya yi shirin ɗibar ruwa da kwando. Mutanen Timgad ba su ne suka gina garin Rumawa ba, gadonsa kawai suka tarar, suka kuma yi masa ɗaki. Mutanen Adar kuwa, abin da ke ƙarƙashin gonakinsu na kakanninsu ne na jini. Damina na zuwa, hauya za ta sake fito da tsingaro da gatarin aradu a gonakin Bambeye, manomi zai ɗaga ya duba, ya rasa inda zai kai. Allah ya sa kafin wata daminar a samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.